Ranar da Na Kulle Tsintsiyoyin 'Ya'yan Japanawa

Aikin tuƙi aka ce min zan yi a Dubai. Haka Alhaji Nafi'u ya faɗa, mutumin da ya karɓi kuɗin motar hayata da na sayar ya yi min biza. Wai wani Balarabe ne mai motoci da yawa yake neman dattijon direba wanda ba ya shaye-shaye. Da na sauka na kira lambar Balaraben, wata mata ta ɗauka ta yi min wani yare ta kashe. Na kira Alhaji Nafi'u, ya ce in ɗan yi haƙuri yana cikin taro. Har yau bai fito daga taron ba.

Zangona na farko Deira. Wasu 'yan kasuwa Kanawa suka duba fasfo ɗina suka ce, "Malam Haladu, ai wannan bizar yawon buɗe ido ce." Suka ƙara da cewa lasin ɗin tuƙina na gida ko keke ba zai tuƙa ba a nan. Suka nuna min inda zan kwana. A nan na fara sanin ana ba da hayar gado. Ba ɗaki ba, gado. Hawa biyu ne, na sama ya fi araha, shi na kama, ina hawa gwiwata tana ƙara kamar tsohuwar ƙofa. Ruwan sha saye, wanki saye, fita saye. A Rano in ba ka da ko sisi za ka iya zama gindin bishiya ka wuni, wani ya wuce da gyaɗa ya ɗiba maka. A Deira zaman ma kuɗi ne.

Daga nan na koma Al Khabaisi, wani ofishin kargo. Dako ne kawai. Matan Abuja da na Yamai su sayo kaya, mu ɗaure, mu naɗe da leda, mu loda a kwantena. Mai ofishin yana da kalma guda, "Bukra, inshallah." Gobe. In ka yi maganar haƙƙinka, gobe. In ka yi maganar takarda, gobe. Abin da ya riƙe ni a wurin wani ɗan Pakistan ne mai shayi a bakin layin. Ba ya jin Hausa, ba na jin nasa. Duk ranar da ya ga na wuce ban tsaya ba ya san babu ne, sai ya ƙwanƙwasa cokali a jikin kofi, ya miƙo min shayi da burodinsu mai faɗi, ya kau da kai kamar ba shi ya bayar ba.

Na yi zango kuma a wani gari da ake kira Hatta, can cikin duwatsu wajen iyakar Oman. Wani tsohon Balarabe ya ɗauke ni kiwon awaki da ban ruwan dabino. Mutumin kirki ne, ba zan yi masa ƙarya ba. Amma ba shi da halin yi min iƙama, wato takardar zama, ni kuma bizar da na sabunta da guminta ta kusa mutuwa. Ranar hutu 'yan birni su zo da motoci su kalli madatsar ruwa su koma, ni ina tsaye ina bin motocin da ido, ina cewa wannan bai iya shan kwana ba, wancan zai kashe birki. Ban iya zama ba. Tsohon ya ba ni kwalin dabino ya sa ni a bas.

Yohanna ne ya tsamo ni. Mutumin Kafanchan ne, mai gyaran esi, na'urar sanyaya ɗaki. Mun haɗu tun a ofishin kargo, ranar da kwali ya faɗo min a ƙafa na yi wata ashar, ya leƙo daga kan tsani ya ce, "Baba, a Dubai ma ba a tuba ba?" Shi ya sama min gado a filat ɗinsu na Al Nahda, bakin iyakar Sharjah, shi kuma ya kai ni wani kamfanin shara da yake yi musu gyara. Kamfanin ya ɗauke ni a kan gwaji. Supabaizan, wani ɗan Indiya mai suna Mista Biju, ya yi min bayani da Turanci da Larabci da yatsa. Za su tura ni wata makaranta. In wa'adin gwaji ya cika babu ƙorafi, su buga min iƙama. In makaranta ta kawo ƙara ko sau ɗaya ne, khalas, wato magana ta ƙare, sai filin jirgi.

Ina da mata da 'ya'ya biyar a Rano. Motar da muke ci da ita na sayar. Komawa da jakar da na zo da ita, ba na ma son tunaninsa.

Makarantar ta 'ya'yan Japanawa ce, waɗanda iyayensu ke aiki a manyan kamfanoni. Ba ta da girma. Abin da na fara gani a ƙofa akwatuna ne jere, kowane yaro ya cire takalmin waje ya sa wani fari na ciki. Ni ma aka ba ni nawa. Yaro ya gan ka sai ya rusuna ya gaishe ka, kai mai shara. Da fari na ɗauka tsokana ce.

Ranar farko na yi banɗakuna, na goge tagogi, na kwashe yashin da iska take tarawa a fili. Bayan yara sun ci abincin rana sai na ji an saki wani kiɗa mai sanyi a lasifika. Kafin in ankara yara sun fito kamar tururuwa, kowa da ƙyalle ɗaure a ka. Wasu suka ture tebura, wasu suka ɗauko tsintsiya. Wasu 'yan ƙanana suka jiƙa tsumma suka dafa shi a ƙasa da hannu biyu, suka ɗaga ƙugu sama, suka sheƙa da gudu daga wannan bakin baranda zuwa wancan. Malamai ma suna ciki. Wani tsoho mai furfura da na ɗauka mai ban ruwan fulawa ne yana durƙushe yana kankare ƙasan matakala. Kafin a gama sharar na ji shi ne shugaban makarantar.

Na tsaya da tsintsiyata a hannu ina kallonsu.

Ni aji huɗu na tsaya, amma na san makaranta. A tamu mun yi shara, saboda ba mai shara, kuma wanda ya makara shi ake ba wa banɗaki da bulala a kai. Makarantar masu kuɗi kuwa, ko a Kano, ɗan Alhaji ba ya taɓa tsintsiya. To waɗannan yaran kuɗin makarantar ɗaya daga cikinsu zai ci da gidana shekara. In har shugaban makaranta da kansa ya durƙusa yana goge bene, ma'anarsa ɗaya ce a wurina: mai sharar da aka kawo bai iya ba, kuma ana nuna masa.

Da yamma a filat na faɗa musu muna cin shinkafa da wake. Akwai wani yaro a ɗakinmu, Mukhtar, ɗan Zariya. Ya yi karatu a Japan shekaru kaɗan, tallafin da aka ba shi ya ƙare, tsada ta koro shi, yanzu yana ƙarasawa a Sharjah yana tsaron shagon waya. Kullum muka yi kukan tsadar Dubai sai ya ce ba mu ga komai ba. Wai ɗakinsa na can in ya miƙe hannu yana taɓa bango biyu, kuma sai ya jira an kusa tashi daga kanti an rage kuɗin abincin da ya yi kwantai sannan ya saya. Wai ya taɓa tsayawa gaban kankana ya gaishe ta ya wuce.

Ya ce, "Kawu, kwantar da hankalinka. Haka suke yi a ƙasarsu. Da Japananci sōji suke ce masa, wato shara. Darasi ne, kamar lissafi."

Na ce, "Shara ce darasi?"

"Wallahi kuwa. Har a takardar yaro ana rubuta yadda yake yi."

"To ni me aka kawo ni yi?"

"Abin da ya fi ƙarfin yara. Banɗaki, sama, fili."

Yohanna ya ce, "Baba, ka samu aikin da ake taya ka kyauta kana ƙorafi. Ni ka ga ɗan wani ya hau tsani ya riƙe min sukundireba?"

Na ce, "Ku yara ne. Kai Mukhtar littafi ka sani, kai kuma Fasto Yohanna iska kake sayarwa. Ni na yi aiki a ƙarƙashin mutane. Duk ranar da maigida ya ɗauki aikinka da hannunsa, ka fara haɗa kayanka."

Mukhtar ya buɗe baki, na ce ya ci abincinsa.

Daga ranar na shiga tsere da yara. Ina kama bas ta farko daga Al Nahda, in tsaya a cunkoso har ƙafata ta mutu, in isa kafin kowa. Suna filin wasa, in faɗa azuzuwa in share. Suna cin abinci, in bi baranda da ruwa da sabulu. Kafin a saki kiɗan nan ko'ina yana ƙyalli. Yara su fito da tsintsiya su rasa abin sharewa. Sai ka ga yaro yana bin bango yana neman ƙura kamar wanda ya yar da kuɗi. Wasu suka fara wasan takobi da sandunan tsintsiya. Ni kuwa ina gefe ina haki, ina cewa a raina, to yanzu a ga wanda bai iya ba.

Akwai wata malama, Malama Sato, siririya, ita ke kula da 'yan aji biyu da harkar tsabta. Ta same ni ta rusuna, ta yi magana a hankali da Turanci, tana murmushi tana nuna baranda tana girgiza hannu. Ni abin da na tsinta shi ne "no" da "children". Murmushin ne ya ruɗe ni. A wurinmu wanda zai hana ka abu ba ya yi maka murmushi. Na ɗauka cewa take ba laifi, yara sun huta. Na ce, "No problem, madam," na ƙara ƙaimi.

Amma duk da haka ba su daina fitowa ba. Kiɗa na tashi, su ɗauko tsumma su goge inda na goge. Bacci ya ƙi, abinci ya ƙi. A bas ina lissafin lungun da na manta. Matata ta kira a waya tana ba ni labarin gida, ni hankalina yana kan matakala.

Ranar wata Talata na yanke shawara. Kowane aji yana da wata 'yar ma'ajiya a baya inda suke rataye kayan shararsu. Suna filin wasa na bi aji aji na kwashe tsintsiyoyi da tsummoki da bokitai, na zuba a sitona inda nake ajiye kayan aiki, na danna kwaɗo, na jefa makulli a aljihu.

Aka saki kiɗa. Yara suka buɗe ma'ajiya, wayam. Ba wanda ya yi ihu. Suka fito baranda da ƙyallayensu a ka suka tsaya cirko-cirko, kiɗa yana ta yi shi kaɗai. Wata 'yar ƙarama ta aji ɗaya ta fashe da kuka, ashe ranar ce aka ba ta shugabancin rukuninsu karo na farko. Tsohon nan mai furfura ya fito ya dubi yaran, ya dubi ƙofar sitona, ya dube ni. Ya cire hankicinsa daga aljihu, ya durƙusa ya fara goge matakala da shi.

Kafin la'asar Mista Biju ya iso, gumi har wuya. "Khalas, habibi. Khalas. Gobe ka kawo yunifom." Ya ce makaranta ta kira ofis tana tambaya ko kamfani ne ya ba da umarnin a kwashe kayan yara.

Yohanna ya ji labari bai yi dariya ba, wanda hakan ya fi ba ni tsoro. Ya kira Mista Biju ya yi ta "shwaiya shwaiya", wato a bi a hankali, har mutumin ya yarda a saurare ni da safe. Mukhtar kuwa yana da jarrabawar gwaji washegari. Ya rufe littafinsa ya ce, "Kawu, zan raka ka."

Na ce, "Jarrabawarka fa?"

"Zan roƙi malamin. Kai wa za ka roƙa, da wane bakin?"

A ofishin shugaban muka zauna, ni da Mukhtar a gefe guda, shi da Malama Sato a gefe guda, Mista Biju a tsaye bakin ƙofa. Mukhtar ya rusuna ya saki Japananci, sai na ga fuskar malamar ta canja kamar ta ga ɗan garinsu. Suka yi ta rusuna wa juna har na gaji. Sannan ya juyo.

"Kawu, suna tambaya, yaran sun yi maka wani laifi ne?"

"Ba su yi ba."

"To me ya sa?"

Na ce, "Faɗa musu yadda na faɗa, kada ka sa masa sukari. In yara za su yi shara, ni me zan ci? Na sayar da motata na zo ƙasar nan. An cuce ni a Deira, an cuce ni a Al Khabaisi. Nan ne kawai aka ce in na yi da kyau za a ba ni takarda. Na ga babba kamar wannan yana goge bene, na san an raina aikina. Shi ke nan."

Mukhtar ya daɗe yana juyawa. Tsohon yana sauraro idonsa a rufe. Da ya buɗe baki maganarsa ba ta da yawa.

"Ya ce ba su taɓa samun wanda ya wanke banɗaki kamar kai ba. Ya ce laifinsu ne da ba su nemo mai yi maka bayani da harshenka ba tun farko." Mukhtar ya ci gaba. "Amma ya ce yaran nan yawancinsu za su koma Japan. Yaron da ya koma bai san yadda ake matse tsumma ba, 'yan ajinsu za su gane a rana ɗaya cewa baƙo ne. Iyayen ba don Turanci suka kawo su nan ba, don kada su koma gida su zama bare. Ya ce kana share musu darasi kafin su karanta."

Wannan ta shige ni, don ni ma na san abin da ake nufi da mutum ya koma gida a ga ya canja.

Malama Sato ta ɗauko takarda ta zana makarantar, ta shafa wa wasu wurare ja, wasu shuɗi. Ja nawa: banɗaki, tagogin sama, fili, bakin titi. Shuɗi na yara: aji, baranda, matakala. Sharaɗi ɗaya, ko me na gani a shuɗi, kada in taɓa. Za su janye ƙorafin, a bar ni in ƙarasa gwajin. Kayan kuma ni zan mayar da hannuna.

Na bi aji aji da tsintsiyoyi a rungume. Kowane aji na shiga sai su miƙe su rusuna su yi godiya baki ɗaya, kamar kyauta na kawo musu. Gara a ce zagina suka yi.

A hanyar komawa na ce wa Mukhtar, "Ka faɗa min tun farko."

Ya ce, "Na faɗa, Kawu. Ka ce in ci abincina."

Wanda bai gwada ba zai ɗauka sauƙi na samu. Na yi dako, na yi kiwo a duwatsu, ban taɓa aikin da ya wahalar da ni kamar tsayawa ina kallon ɗan shekara bakwai yana shara ba. Ya tura datti gaba, ya taka shi, ya dawo da shi baya. Ya matse tsumma rabi, ruwa yana bin hannunsa. Lungu kuwa ba sa ganinsa sam. Hannuna har ƙaiƙayi yake. Sai in zura su a aljihu in tafi fili in yi ta sharar yashin da na riga na share.

Ranar da wa'adin gwaji ya cika an kwana ana iska. Mista Biju ya zo duba aiki, shi zai ce a buga ko kada a buga. Muka zaga banɗakuna ya gyaɗa kai, muka zaga fili ya gyaɗa kai. Muka shigo barandar 'yan aji biyu. Can a lungun bayan ƙofa yashi ya taru, ja, ya kai cikin tafin hannu biyu. Tun safe na gan shi. Na wuce shi ya fi a ƙirga, kowane wucewa kamar ana jan rigata.

Mista Biju ya tsaya. Ya nuna da bakin takalminsa. "Wannan mene ne? Yalla, share, yanzu."

Tsintsiya tana hannuna. Taku biyu ne tsakanina da lungun. Mutumin da iƙamata take bakinsa yana kallona, baranda ba kowa, yara suna aji. Shara ɗaya, an wuce wurin.

Na ce, "Ba nawa ba ne."

"Me ka ce?"

"Not mine. Children."

Wuyansa ya kumbura. Ya fara faɗa da yarensu, ya ciro waya. Ni dai ina tsaye, gumi yana bin bayana, ina ganin filin jirgi ƙuru-ƙuru. Hayaniyar ce ta fito da Malama Sato. Ta dubi Mista Biju, ta dubi yashin, ta dubi tsintsiyar da na ƙanƙame. Ta yi masa magana gajeriya da Turanci. Sannan ta leƙa aji ta kira suna biyu. Yara biyu suka fito, ta nuna musu lungun. Suka dubi juna, kunya ta kama su, ɗaya ya ruga ya ɗauko abin kwasa.

Mista Biju ya mayar da wayarsa aljihu. Ya dube ni kamar bai taɓa ganina ba, ya ce, "Kawo fasfo ofis."

An buga min iƙama. Yohanna ya sayo kaza, ya ce a tarihin Dubai ni ne mutum na farko da aka ba wa takarda saboda ya ƙi yin aiki. Na ce ya yi min shiru.

Har yanzu ina makarantar. Gadon dai na haya ne, ruwa saye, albashi yana shigowa ya fita kafin ya zauna, kuma ban san shekarar da zan koma Rano ba. Yaran da na fara gani wasu sun koma ƙasarsu, an kawo sababbi waɗanda ba su san ta inda ake riƙe tsintsiya ba. Jiya ma wani sabon ɗan aji ɗaya ya kifar da bokiti a matakala, ruwa ya gangaro har gaban takalmina. Ya ɗago yana kallona, idonsa ya ciko, yana jiran babba ya zo ya gyara.

Na ja ƙafata baya, na nuna masa inda tsumma yake.